Sauya Direban Hoto a Wayar Hannu: Ilmi Ne Ko Ganganci?

Ina so in yi amfani da wannan fili in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari da ya shigo hirar samari a 'yan shekarun nan. Duk inda masu wasan waya suka taru lokacin hutu, da wuya a tashi ba a ji wani yana kukan wasa yana cije masa ba, kuma da wuya a rasa wani gwani a gefe da zai ce masa, "Ai direbanka ne ya tsufa, sauya shi." Daga nan sai a shiga tura wa juna fayiloli. Iyaye kuwa in sun ji wannan zance, sai su ce yaran zamani sun sami sabuwar hanyar lalata waya. Ni dai a ganina kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Sauya direba abu ne na gaske, akwai kuma ilmi mai yawa a cikinsa. Sai dai ba kowace waya yake yi wa amfani ba, kuma akwai wata hanyar yinsa da bai kamata ɗalibi ya kusance ta ba.

Da farko bari mu san mene ne direban nan. A cikin kowace wayar zamani akwai wani ɗan guntu da bai wuce girman farce ba, shi ne ƙwaƙwalwarta. A cikin guntun akwai sashe guda wanda babban aikinsa zana hoto, mu kira shi injin zane. Abin da muke gani kamar motsi a fuskar waya, a gaskiya hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Fim na silima hotuna 24 yake nunawa a daƙiƙa guda. Masu wasa sun fi son 60, in babu hali su haƙura da 30. To, mu yi ɗan lissafi. Wayar da fuskarta take da ɗigo 720 a kwance da 1,600 a tsaye tana da ɗigo 1,152,000 ke nan. In ana son hotuna 60 a daƙiƙa, dole injin ya tsai da launin ɗigo fiye da miliyan 69 a kowace daƙiƙa. In ya makara, sai wasa ya riƙa tsinkewa, ka hango abokin karawarka can nesa, kafin ka ƙifta ido ya iso kanka.

Shi wasa ba ya magana da injin kai tsaye. Yana ba da umurni ne da wani yare na gama-gari, ko dai OpenGL ES ko kuwa Vulkan, wanda ya fito a 2016. Kowane irin injin zane kuwa da nasa yaren dabam. Direba shi ne manhajar da take tsakani, tana karɓar umurnin wasa tana juya shi zuwa abin da injin zai gane. Watau dai tafinta ne. Ƙwararren tafinta yakan isar da saƙo daidai kuma a taƙaice, wanda bai ƙware ba kuwa sai ya yi ta kewaye-kewaye, wani lokaci ma ya juya magana. Shi ya sa waya guda za ta nuna wasa da kyau da wannan direba, ta nuna shi da baƙaƙen tabo da wancan, alhali ƙarfen yana nan yadda yake.

To, me ya sa direban waya yake tsufa? Kamfanoni kaɗan ne suke tsara injin zane. Qualcomm na Amurka yana da Adreno, wanda yake cikin ƙwaƙwalwar Snapdragon, asalinsa kuwa wani sashe ne da suka saya daga AMD a 2009. Arm na Ingila yana da Mali. Kada sunan ya ruɗe mu, ba shi da alaƙa da ƙasar su Timbuktu. Wani ƙaramin kamfani ne a ƙasar Norwe ya fara shi, Arm ya saye kamfanin a 2006. Akwai kuma PowerVR. Mai injin shi ke rubuta direba, ya bi ta hannun mai haɗa ƙwaƙwalwa zuwa hannun mai haɗa waya, shi kuma ya dunƙule shi cikin tsarin wayar ya rufe. Mai kwamfuta yana iya sauko da sabon direba daga Nvidia ko AMD ran da ya fito. Mai waya kuwa sai ya jira kamfanin wayarsa ya ga dama ya aiko da sabuntawa, kuma wayoyi masu araha ba a daɗewa ana aiko musu.

An yi yunƙurin gyara wannan. A ƙarshen 2019, da fitowar Snapdragon 865, Qualcomm ya sanar cewa za a iya sabunta direba ta Play Store kamar kowace manhaja, Samsung kuma ya fitar da irin wannan manhaja don Galaxy S20 a 2020. Amma abin bai wuce 'yan manyan wayoyi ba. Jinkirin kuwa bai tsaya ga wasa kaɗai ba. A watan Nuwamba na 2022 masu binciken tsaro na Google, waɗanda ake kira Project Zero, sun bayyana cewa sun gano ɓaraka biyar a direban Mali, Arm ya toshe su tun watannin Yuli da Agusta, amma har lokacin gyaran bai isa wayoyin da suka gwada ba, har da Pixel ta Google ɗin kansa. Saboda haka wanda ya ce direban wayarsa ya tsufa, sau da yawa gaskiya ya faɗa, kuma laifin ba nasa ba ne.

Da kamfanoni suka yi sakaci, sai waɗansu masu himma suka ce bari su rubuta nasu. Akwai wani aikin gayya mai suna Mesa, wanda Brian Paul ya fara a 1993, inda ake rubuta direbobi a fili, kowa yana iya karantawa ya kawo gyara. A 2012 wani mai suna Rob Clark ya fara nazarin Adreno ba tare da kamfanin ya ba shi takardun sirrinsa ba. Ya riƙa ba injin umurni yana duba abin da ya wakana, sannu a hankali har ya gane yarensa. Ya sa wa aikin suna Freedreno. Daga wannan zuriya aka sami Turnip, direban Vulkan wanda sunansa ya fi yawo a bakin masu wasa. Daga baya Billy Laws ya rubuta wata 'yar dabara, Adrenotools, wadda take ba manhaja damar ɗaukar direban da mai waya ya zaɓa ta yi aiki da shi ita kaɗai, ba tare da an taɓa na asali ba.

Inda wannan ya fi amfani shi ne manhajojin kwaikwayo, watau waɗanda suke sa waya ta yi aiki kamar wata na'ura dabam. Alal misali akwai Dolphin, mai kwaikwayon GameCube da Wii na Nintendo, da Winlator, mai buɗe wasannin Windows a kan Android. Irin waɗannan suna neman abubuwa daga direba waɗanda wasannin waya na yau da kullum ba su cika nema ba. Tun a 2013 masu Dolphin suka rubuta dogon ƙorafi a kan kurakuran direbobin Adreno da Mali. A nan Turnip yakan gyara hoton da ya lalace, ya sa wasan da ya ƙi buɗewa ya buɗe. Maganar gudu kuwa, a wani wasan ya ƙaru, a wani ya ragu, har akwai wasannin da direban Qualcomm na asali ya fi sauri. Wanda ya ce maka direba guda zai ninka gudun kowane wasa, yi masa kallon mai tallar maganin da yake warkar da ciwo saba'in.

Yanzu ga abubuwa uku da gwanayen majalisa ba su faɗa. Na farko, wace waya ce a hannunka? Wayoyin da suka fi yawa a kasuwanninmu, daga Farm Centre ta Kano zuwa shagunan ƙananan garuruwa, su ne Tecno da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin. Galibinsu ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc gare su. Helio G85 tana ɗauke da Mali-G52, Helio G99 da Unisoc T606 suna ɗauke da Mali-G57, Helio G35 kuma PowerVR. Turnip kuwa yaren Adreno kaɗai ya iya. Kai shi wurin Mali kamar ka kai tafintan Larabci kasuwar da ba a jin komai sai Faransanci ne. Lalle akwai direbobin gayya na Mali, su Panfrost, amma an gina su ne don kwamfutocin Linux, ba a ɗauko su haka kawai a liƙa wa wayar kanti. Saboda haka mafi yawanmu wannan magani ba namu ba ne tun daga tushe.

Na biyu, hanyar nan mai sauƙi tana aiki ne kawai a manhajar da masu ita suka buɗe mata ƙofa. Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty da eFootball ba su da wannan ƙofa, da direban da ke cikin waya suke aiki. Fayilolin da ake yawo da su ana cewa direban waɗannan wasanni ne, waɗansunsu tallace-tallace ne kawai aka cusa, waɗansu kuma fayilolin wasan suke taɓawa. Kamfanonin wasannin kuwa sun hana taɓa fayilolinsu, suna kuma rufe asusun wanda suka kama. Wanda ya yi shekara biyu yana gina asusunsa, har ya sa kuɗinsa a ciki, yana iya rasa shi dare ɗaya.

Na uku, kuma mafi girma a wurinmu, shi ne zafi. Injin zane in yana aiki tuƙuru zafi yake fitarwa, waya kuwa ba ta da fanka. In zafin ya kai wani matsayi, wayar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa wasa yake tafiya sumul a minti goman farko, daga baya ya fara cijewa. Direba ɗaya ne a farko da ƙarshe, zafi ne ya taru. Kamfanin Apple ya rubuta cewa an gina iPhone ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Sakkwato da Maiduguri da Kano zafin watan Afrilu yakan haura 40 a inuwa. Hatta manyan kamfanoni suna fama da wannan. A watan Maris na 2022 aka gano Samsung yana rage ƙarfin Galaxy S22 a dubban manhajoji ta wata manhajarsa mai suna Game Optimizing Service, jama'a suka yi ca, har ya ba da haƙuri ya ba masu waya zaɓi. Dalilin da ya bayar shi ne zafi da batir. Wanda ya cire wannan birki gaba ɗaya, batirinsa ne zai biya, don zafi yana tsufar da batir da wuri, wani lokaci har ya kumbura.

Wannan ya kawo mu ga hanyar da na ce a guje mata. In mutum yana so ya sauya direban wayar gaba ɗayanta, dole ya buɗe makullin da kamfani ya sa wa tsarinta, sa'an nan ya yi abin da masu gyara suke kira rutin, watau ya karɓi cikakken iko a kan fayilolin ciki. Buɗe makullin kansa yana share duk abin da ke cikin waya, hotuna da saƙonni da komai. A wayoyin Samsung akwai wani ɗan fiyus na tsaron Knox wanda yake ƙonewa in an sa tsarin da ba na kamfani ba, kuma ba ya komawa har abada. Manhajojin banki da yawa ba su yarda su buɗe a wayar da aka yi wa rutin. In kuma direban bai dace ba, waya tana iya tsayawa a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa, sai an kai ta filashin. Mafi muni, fayil ɗin da wani wanda ba ka sani ba ya turo, ka sa shi a cikin cikin wayarka, ka ba shi mabuɗin gida ke nan. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fid da shi.

Mu kuma tuna wayar wa ake magana. Da yawanmu ba mu da tamu, ta Baba ce ko ta Mama ko ta Yaya muke ara lokacin hutu. A cikinta asusun bankin gida yake, ta nan lambobin sirri suke shigowa, da ita aka yi wa wani rajistar JAMB, da ita Mama take karɓar cinikinta. Wanda ya sa wannan duka a caca don hotuna biyar ko goma a daƙiƙa, garin neman ƙiba ya samo rama. Ba na jin akwai wasan da ya kai wannan daraja.

Amma iyayenmu, ku ma ina da roƙo a gare ku. Kada ku ɗauki duk yaron da yake tambayar yadda waya take aiki a matsayin mai ɓata lokaci. Direban Panfrost da na ambata, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi wata yarinya ce, Alyssa Rosenzweig, wadda ta fara tonon sirrin Mali tun tana makarantar sakandare a Amurka. Kamfanin Collabora ya ɗauke ta aiki a kansa, daga baya kuma ta jagoranci rubuta direban zane na kwamfutocin Apple masu ƙwaƙwalwar M1 don Linux. Kamfanoni irin su Valve da Igalia suna biyan mutane albashi don su yi aiki a kan Mesa. Kuma kayan aikin wannan sana'a a ajinmu suke. Duk mutum ko mota ko bishiyar da kuke gani a wasa, an gina ta ne da dubban ƙananan zane masu kusurwa uku, kuma juya su da matsar da su lissafin kusurwa ne da jadawalin lambobi, irin wanda malamin lissafi yake fama da mu a kansa. Yaron da ya gane haka ba zai sake tambayar amfanin wannan darasi ba.

Wani zai ce ai yawancin yara ba ilmi suke nema ba, wasa kawai suke so. Gaskiya ne, kuma ga yadda ake bambancewa. Mai neman ilmi yana aiki ne kamar yadda muke yi a ɗakin gwaje-gwaje. Yana fara sanin sunan ƙwaƙwalwar wayarsa da injin zanenta. Yana auna hotuna nawa wasa yake bayarwa a daƙiƙa kafin ya taɓa komai, ya rubuta a littafi. Yana sauya abu guda kawai, ya sake aunawa a wuri guda na wasan, bayan waya ta huce. Yana ɗauko direba daga wurin masu rubuta shi, yana kuma tsayawa ga hanyar da in abu ya lalace, share fayil guda zai mai da komai yadda yake. Wanda ba zai iya gaya maka abin da ya auna ba, bin yarima yake yi a sha kiɗa.

Ga sauranmu masu Mali da PowerVR, akwai magunguna masu araha da suka fi kowane fayil aiki. A rage kyan hoto a cikin saitin wasan. Fuska mai ɗigo 1,080 da 2,400 tana da ɗigo 2,592,000, fiye da ninki biyu na waccan ta farko, saboda haka rage kaifin hoto yana sauke wa injin kaya mai yawa. A kashe inuwa. A tsai da wasa a hotuna 30 masu tafiya daidai, sun fi 60 masu tashi da faɗuwa. A cire rigar waya lokacin wasa, a zauna a inuwa, kada a yi wasa waya tana caji, don zafi biyu ke nan aka haɗa. A rufe sauran manhajoji, a kuma karɓi sabuntawa in kamfani ya aiko. Har ila yau a lura, a wasannin intanet sau da yawa rashin ƙarfin sabis ne yake kawo tsinkewa, wannan kuwa babu ruwan direba.

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda ba zan tsallake ba. Direbobin Mesa kyauta ne, masu su sun yarda kowa ya ɗauka. Wasannin da ake buɗewa da manhajojin kwaikwayo kuwa suna da masu su. A watan Maris na 2024 masu manhajar Yuzu, mai kwaikwayon Nintendo Switch, suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe aikinsu. Ɗalibi mai son ya zama injiniya gobe ya kamata ya san bambancin abin da aka ba shi da abin da ya ɗauka ba izini.

Daga ƙarshe, ina ganin inda ya kamata mu kai kukanmu shi ne wurin kamfanoni. Da suna sabunta direba a kan lokaci, da babu mai zuwa neman fayil a lungu. Abin kuwa mai yiwuwa ne. Google ya yi alkawarin sabuntawa ta shekara 7 ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024, Tarayyar Turai kuma daga watan Yuni na 2025 ta wajabta sabuntawa ta aƙalla shekara 5 ga sababbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta. Mu ma kuɗi muke biya. Iyaye in za su sayi waya, bayan tambayar girman kyamara da batir, su tambayi sunan ƙwaƙwalwarta da yawan shekarun da kamfani ya yi alkawarin kula da ita. In masu tambaya suka yi yawa, masu sayarwa za su nemo amsa.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai a taƙaice ita ce: wayar gida a bar ta yadda take. Mai tasa wayar, mai Adreno, ya gwada ta hanyar da ba ta buɗe makulli, da littafinsa a gefe, bayan ya gama aikin makaranta. Wanda kuma abin ya shiga ransa da gaske, ya riƙe lissafi da kimiyya da kyau, ya fara koyon rubuta manhaja, don rubutun Mesa yana nan a buɗe ga duk mai iya karantawa. Iyaye kuma su riƙa tambayarmu abin da muka auna da abin da muka gano. In kunne ya ji, jiki ya tsira.